Yadda Za Ka Daidaita Sharhin Rediyo Da Hoton Talabijin A Ranar Wasa

Duk wanda ya taɓa kashe muryar talabijin ya kunna rediyo don ya ji sharhin ƙwallo da Hausa ya san wannan matsala. Ƙwallo tana tsakiyar fili a allon talabijin, ɗan wasa bai ma ɗaga kai ya duba abokinsa ba, sai ka ji mai sharhi ya ƙwala ihu cewa ta shiga raga. Kafin idonka ya ga cin, kunnenka ya riga ya kai maka labari. Wani lokacin kuma abin yakan juye: 'yan wasa sun gama murna sun koma tsakiyar fili, shi kuwa mai sharhi yanzu yake cewa za a buga kwana.

Da yawa sukan haƙura su koma wa sharhin Turanci ko Faransanci. Wannan asara ce. Mai sharhin gida ya san ɗan wasa tun yana buga wa kulob ɗin unguwa, ya san kirarinsa, ya san abin da "Sai Masu Gida" ke nufi ga wanda ya taso yana zuwa filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata don kallon Kano Pillars. Dattijon da ba ya jin Turanci, da uwargidan da ke son ta bi wasan Super Eagles tare da 'ya'yanta, duk ta bakinsa suke shiga wasan. Haka yake a Nijar lokacin kokawar neman takobi, inda mutane da yawa suka fi son jin sunayen 'yan kokawa da kirarinsu daga bakin mai sharhin rediyo.

Matsalar tana da magani, kuma galibi da kayan da ke hannunka za ka yi shi. Abu biyu ake buƙata: ka san wane ne ke gaba tsakanin murya da hoto, sannan ka san yadda za ka tsayar da shi.

Me ya sa hoto da murya ba sa zuwa tare?

Idan mai sharhi yana zaune a filin wasa, hanyar muryarsa gajera ce. Daga makirfo ta bi waya ko wata na'urar aika sauti zuwa gidan rediyo, daga nan a watsa ta a zangon FM, ta iso eriyarka. Igiyar rediyo tana tafiyar kusan kilomita 300,000 a sakan ɗaya, don haka tsakanin gidan rediyo da ɗakinka babu wani lokaci da za a lissafa. Ɗan jinkirin da ake samu yana tsakanin fili da gidan rediyon ne, kuma yawanci bai taka kara ya karya ba.

Hanyar hoto ta fi tsawo da yawan zango. Kyamarori suna aika hotunansu zuwa motar da ake tace su a bayan fili. Daga can a tura wa tashar da ta sayi haƙƙin nuna wasan, ita kuma ta ɗora tambarinta da nata sharhin. Wasan Ingila da kake kallo a SuperSport, misali, sai ya bi ta cibiyarsu da ke Johannesburg kafin a harba shi zuwa tauraron ɗan'adam. Nisan tauraron daga doron ƙasa kilomita 35,786 ne. Hawa da sauka sau ɗaya yana cin kusan rubu'in sakan, kuma wani hoton sai ya yi wannan tafiya fiye da sau ɗaya.

Amma ba tauraron ne ke cinye mafi yawan lokacin ba. Talabijin na nuna hotuna 25 a kowane sakan, kuma nauyinsu ya fi ƙarfin a aika su yadda suke. Dole a matse su da tsarin MPEG, kuma na'urar da ke matsewar sai ta tara hotuna da dama ta kwatanta su da juna kafin ta saki na farko. Dikodarka ita ma sai ta tara ta warware, sannan talabijin ɗin ya ɗan gyara hoton kafin ya haska shi. Idan aka haɗa waɗannan, hoton dish ko na dikodar eriya irin ta GOtv da StarTimes yakan kasance a bayan abin da ke faruwa a fili da 'yan sakanni.

Kallo ta intanet ya fi kowanne jinkiri. Ana yanka bidiyon guntu-guntu, kowane guntu sakan 2 zuwa 10, kuma manhajar wayarka ba ta fara nunawa sai ta ajiye guntaye kamar uku don kada hoton ya riƙa tsayawa idan netwok ya yi rauni. Shi ya sa mai kallo a waya zai iya zama a baya da rabin minti, wani lokacin har minti guda.

Kada ka raina sakan 5. Ka tuna ƙwallon farko da Ahmed Musa ya ci Iceland a Volgograd ranar 22 ga Yuni, 2018: Victor Moses ya kwaso ta daga dama, Musa ya tare ta da ƙafa, ta faɗi ƙasa ta tashi, ya zabga ta raga. Duk wannan bai kai sakan 5 ba. Wanda rediyonsa ke gaba da wannan tazarar ya ji cin tun Moses bai bugo ƙwallon ba. A kokawa ma abin ya fi tsanani, domin kaye cikin ƙiftawar ido yake faruwa.

Akwai kuma wani abu da mutane kan manta. Ba kowane mai sharhi ne ke filin wasa ba. Wasannin Turai da yawa a ɗakin watsa shirye-shirye ake sharhinsu, mai sharhi na kallon talabijin kamar yadda kake kallo. A irin wannan yanayi muryarsa ba za ta riga dikodar da yake kallo ba. Idan irin dikodarku ɗaya, za ka tarar kusan tare kuke tafiya. Idan kuma sharhin daga nesa yake zuwa, kamar na gasar Firimiya da Sashen Hausa na BBC ya saba kawowa ta tashoshin FM da ke hulɗa da shi, to shi ma yana da nasa zangon da yake bi kafin ya iso. Don haka kada ka ɗauka cewa kullum rediyo ne ke gaba. Sai an auna.

Ƙa'ida ɗaya da komai ya rataya a kanta

Ba za ka iya sa abin da bai iso ba ya yi sauri. Abin da ya riga ya iso kawai za ka iya riƙewa. Kamar mutum biyu ne da suka kama hanya, ɗaya ya yi nisa: na gaba ne zai tsaya ya jira na baya. Idan rediyo ne ke gaba, murya za ka jinkirta. Idan talabijin ne ke gaba, hoto za ka dakatar. Duk dabarun da za su biyo baya hanyoyi ne na cika wannan ƙa'ida.

Yadda za ka auna tazarar

Ka kunna rediyo da talabijin tun kafin a take wasa, ka bar muryar talabijin a ƙasa-ƙasa yadda za ka iya jin duka biyun. Ka buɗe agogon auna lokaci da ke cikin wayarka, ka ɗora babban yatsa a kan maɓallin.

Alamar da ta fi dacewa ita ce usur ɗin alƙalin wasa. Sautinsa siriri ne mai kaifi, yana ratsa hayaniyar 'yan kallo, kuma idan mai sharhi yana fili za ka ji shi a rediyo da talabijin duka. Da ka ji usur na farko, ko daga ina ya fito, danna agogo. Da ka ji shi a ɗaya na'urar, tsayar. Yanzu ka san abu biyu: wanda ke gaba, da kuma yawan sakannin da ke tsakani. Bugun da gola ke yi daga raga shi ma alama ce mai kyau, domin ƙarar takalmi a jikin ƙwallo tana fita sosai.

Kada ka dogara da awo ɗaya, yatsa yakan yi nawa. Ka auna sau uku ka ɗauki matsakaici. A ce ka samu sakan 6.2, da 6.8, da 6.5. Tazararka ita ce sakan 6.5. Manhajoji da yawa da milisakan suke lissafi, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na sakan, don haka 6.5 zai zama 6500. Ka rubuta wannan adadi a takarda tare da sunan tashar rediyon da ta talabijin ɗin, domin zai taimake ka a wasa na gaba.

Idan sharhin na ɗaki ne, babu usur a cikinsa, sai ka yi amfani da kalmomin mai sharhi. A nan ka sani cewa kowane mai sharhi sai ya ga abu sannan ya faɗe shi, don haka bakinsa yakan biyo bayan abin da ya faru da kamar rabin sakan zuwa sakan ɗaya. Kada ka yi ƙoƙarin share wannan ɗan ratar. Muryar da ta zo bayan hoto da kaɗan tana daɗin ji, domin haka muka saba. Wadda ta riga hoto ko da kaɗan ne ita ce ke ɓata kallo. Idan za ka kuskure, ka kuskure ta wajen barin murya a baya.

Idan rediyo ne ke gaba

Hanya ta farko, kuma mafi sauƙi, ita ce ka sauya wurin da kake kamo rediyon. Gidajen rediyo da yawa yanzu suna watsa shirye-shiryensu ta intanet, a shafinsu ko a Facebook da YouTube ko a manhajoji irin su TuneIn. Sautin da ya biyo intanet yana da nasa jinkirin, wanda sau da yawa ya fi na dish. Wato da ka bar FM ka koma intanet, rediyon zai iya komawa bayan talabijin. Idan ya koma baya, sai ka bi bayanin da ke sashe na gaba. Idan kuma har yanzu yana gaba, wanda yakan faru idan hoton ma ta intanet kake kallonsa, sai ka danna maɓallin dakatarwa a manhajar rediyon daidai lokacin da ka ji usur, ka zuba ido a talabijin, da ka ga alƙali ya busa sai ka saki. Abin lura shi ne ba kowace manhaja ke ci gaba daga inda aka tsayar da ita ba. Wata da ka saki sai ta tsallaka ta koma kai tsaye. Ka gwada taka tun ana jibi wasa, da labarai ko wani shiri. Sauti kaɗai ba ya cin data kamar bidiyo, don haka idan tashar tana da hanyar saurare zalla, ita za ka zaɓa.

Hanya ta biyu ita ce ta kwamfuta, kuma ita ta fi tsayawa daram tun daga farkon wasa har ƙarshe. Kana buƙatar rediyo mai ramin iyafis, da kebul mai kan iyafis a duka ɓangarorin biyu, irin wanda ake haɗa waya da lasifika, da laftof mai manhajar VLC, wadda kyauta ake sauke ta. Yawancin laftof na yanzu rami ɗaya ne da su na iyafis da makirfo a haɗe, don haka ka nemi ɗan ƙaramin katin sauti na USB a wurin masu sayar da kayan kwamfuta. Girmansa bai wuce na filas ba, yana da rami biyu, ɗaya na makirfo ɗaya na iyafis.

Ka soka kebul daga ramin iyafis na rediyo zuwa ramin makirfo na katin. Ka rage muryar rediyon sosai tukuna, domin ramin makirfo ba ya ɗaukar sauti mai ƙarfi. Idan ka cika shi, muryar mai sharhi za ta riƙa fashewa. Ka buɗe VLC a Windows, ka shiga Media, ka zaɓi Open Capture Device. A wurin na'urar bidiyo ka zaɓi None, a wurin na'urar sauti ka zaɓi katin nan naka. A ƙasa akwai ɗan akwati da aka rubuta Show more options, ka yi masa alama. Wani gurbi zai bayyana mai suna Caching. A nan za ka rubuta adadin da ka auna, misali 6500, sannan ka danna Play. VLC zai riƙa tara sautin na tsawon wannan lokaci kafin ya sake shi ta lasifika. Ka saurari usur na gaba. Idan murya tana gaba har yanzu, tsayar da shi ka sake buɗewa ka ƙara 300 ko 500. Idan ta yi baya da yawa, ka rage. Gyara biyu ko uku yakan wadatar.

Hanya ta uku ta waya ce. A rumbun manhajojin Android akwai waɗanda aikinsu kawai su ɗauki sauti ta makirfo su riƙe shi na wasu sakanni sannan su sake shi. Sai ka ajiye wayar kusa da bakin rediyo, ka haɗa ta da lasifikar Bluetooth. Amma akwai tarko a nan. Idan wayar tana jin lasifikar da ke fitar da sautin da aka jinkirta, za ta sake ɗaukarsa ta sake jinkirta shi, sai ka ji mai sharhi yana maimaita kansa sau biyu, sau uku, har komai ya cakuɗe. Kuma idan kai kana jin rediyon da kunnenka, aikin banza aka yi, tunda labarin cin zai riga ya iso maka. Maganin shi ne ka kai rediyon da wayar wani ɗaki na kusa ka rufe ƙofa, ko ka sa su cikin akwati ka lulluɓe da bargo, ka bar eriya kawai a waje, muryar rediyon kuma ƙasa-ƙasa. Bluetooth yakan kai kimanin mita 10, bango kuma yana rage masa ƙarfi. Bluetooth ɗin kansa yana ƙara ɗan jinkiri na kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan, don haka ka yi gyaran ƙarshe bayan ka haɗa lasifikar da za ka yi kallo da ita.

Hanya ta huɗu ita ce na'urar da aka ƙera don wannan aiki. A Amurka, inda masoya wasa suka shaƙu da masu sharhin rediyon garuruwansu, an daɗe ana sayar da rediyo mai maɓallin jinkiri, irin su SportSync. Kana matsa maɓallin, murya na ja da baya har ta haɗu da hoto. Wanda ke da hanyar yin odar kaya daga waje zai iya nema, amma ya duba iyakar sakannin da na'urar ke iya riƙewa kafin ya biya kuɗi, domin wadda ta isa ga mai dish ba lallai ta isa ga mai kallo ta intanet ba.

Akwai abu biyu da kan yaudari mutane. Na farko shi ne saitin jinkirin sauti da ke cikin talabijin na zamani da wasu manyan lasifikoki. An yi shi ne don daidaita motsin baki da magana, kuma iyakarsa ba ta kai sakan ɗaya ba. Na biyu shi ne maɓallin eko da ke jikin amfilifayar masu kiɗan biki da ta masallatai. Shi maimaita murya yake yi, ainihin muryar kuma tana fita nan take. Duka biyun ba za su yi maka wannan aikin ba.

Idan talabijin ne ke gaba

Wannan yakan faru idan ta intanet kake jin rediyo, hoton kuma daga dikoda yake. A nan hoto za ka riƙe. Dikodar DStv Explora tana da rumbun ajiya a cikinta, don haka za ka iya dakatar da shirin da ake nunawa kai tsaye ka ci gaba daga inda ka tsaya. Dikodojin tashoshin kyauta da yawa, irin su Strong, su ma suna yin haka idan ka soka musu filas ko rumbun ajiya a ramin USB, ka kunna abin da suka rubuta Timeshift a cikin saitinsu. Filas ɗin ya zama mai sauri kuma mai sarari, domin na banza yakan sa hoto ya riƙa sarƙewa.

Yadda za ka yi shi ne: ka riƙe rimot, ka jira wani abu bayyananne, kamar lokacin da ɗan wasa ya ajiye ƙwallo zai buga kwana. Daidai lokacin da ƙafarsa ta taɓa ƙwallon ka dakatar da hoton. Allon zai tsaya cik, ɗan wasan a karkace, ƙafa ɗaya a sama. Ka kasa kunne ga rediyo. Za ka ji mai sharhi ya ce an samu kwana, ya faɗi sunan wanda zai buga, sannan ya ce ya bugo. A kan wannan kalmar za ka saki hoton. Idan ka tarar hoton ya koma baya da yawa, ba sai ka taɓa dikoda ba, ka ɗan dakatar da rediyon na sakan ɗaya. Da haka za ka riƙa matsar da su har su haɗu.

Wanda dikodarsa ba ta da wannan dama yana da mafita biyu. Ko dai ya koma FM ya bi ɗaya daga hanyoyin jinkirta murya, ko kuma ya kalli hoton ta manhajar kamfanin da ya yi wa rajista, inda galibi ake iya dakatarwa. Kafin duk wannan ma, ka danna maɓallin zaɓin harshe a rimot ɗinka. A wasu manyan gasanni tashoshi kan saka sharhi da harsunan gida a cikin dikoda, kuma wannan ya riga ya zo a daidaite da hoto.

Ga masu gidan kallo

Mai gidan kallo shi ya fi kowa cin ribar wannan aiki, domin sharhin Hausa da ya dace da hoto yana jawo 'yan kallo. Hanyar kwamfuta ita ta fi dacewa da shi. Ka fitar da sauti daga ramin iyafis na katin USB zuwa amfilifaya, ka kashe muryar talabijin gaba ɗaya bayan ka gama awo.

Idan talabijin biyu ko uku ke nuna wasa ɗaya, ka raba musu hoto daga dikoda ɗaya. Dikoda biyu, ko da irinsu ɗaya, sukan saɓa da juna, haka ma tashar da ke nuna hoto mai kaifi takan bambanta da 'yar'uwarta mai nuna hoto na gama-gari. Ka daidaita murya da babban allon da mafi yawan mutane ke fuskanta. Kada tsawon rumfar ya dame ka: sauti na tafiyar kimanin mita 343 a sakan, don haka na bencin ƙarshe a rumfa mai mita 17 bai yi baya da fiye da kashi 1 cikin 20 na sakan ba.

Ka roƙi 'yan kallo su kashe rediyon wayoyinsu da sanarwar manhajojin sakamakon wasa. Mutum ɗaya mai iyafis a kunne da ya zabura ya yi ihu kafin lokaci ya isa ya rushe duk abin da ka shirya. Sannan wannan haɗi na cikin rumfarka ne. Ɗaukar hoton tasha da muryar gidan rediyo a sake watsa su a Facebook shiga haƙƙin masu su ne.

Matsalolin da za ka iya cin karo da su

Tazara ba ta zama wuri ɗaya har abada. Idan aka ɗauke wuta aka tayar da janareta, dikoda za ta sake tashi, kuma jinkirinta na iya canzawa kaɗan, abin da ka dakatar a cikinta kuma ya tafi. Idan hadari ya taso dish ya ɗauke, ko netwok ya sa hoton intanet ya tsaya ya ci gaba, lissafinka ya tashi. Gidan rediyo ma layinsa da fili yakan yanke su sake kira ta wata hanya. Don haka ka mai da shi al'ada: ka duba da usur ɗin farko, ka sake dubawa da usur ɗin dawowa daga hutun rabin lokaci, da kuma duk lokacin da wani abu ya katse.

Idan ka ji gurnani a lasifika bayan ka haɗa rediyo da laftof, yawanci daga caja yake. Ka zare cajar laftof ɗin ka bar shi a kan batir, rediyon ma ka sa masa batir. Idan tashar tana shuu, ka nisanta rediyon daga talabijin, da dikoda, da ƙwan fitila mai rage shan wuta, da janareta, domin duk suna damun eriya. Mai amfani da FM ɗin waya, irin su Tecno da Itel da Infinix, ya tuna cewa a yawancinsu igiyar iyafis ita ce eriya, don haka a miƙe ta kada a naɗe. Wayar iPhone ba ta kama FM, sai dai rediyon intanet.

Idan maƙwabcinka yana kallon wasan a na'urar da ta fi taka sauri, ihunsa zai riga hotonka, kuma babu saitin da zai gyara wannan. Abin da za ka iya shi ne ka zaɓi hanyar da ta fi ƙarancin jinkiri gaba ɗaya: hoto daga dikoda, murya daga FM da aka riƙe na 'yan sakanni. Haɗa hoton intanet da rediyon intanet shi ya fi jefa mutum can baya.

Kada ka bari sai an take wasa sannan ka fara neman kebul. Ka haɗa kayanka tun da rana, ka gwada su da kowane shiri, ka kunna komai minti 20 kafin lokaci, ka ajiye takardar da ka rubuta adadin sakanninka kusa da rimot. Wasan farko ne kawai zai ba ka wahala. Daga na biyu, gyaran minti 2 ne. Idan ka iya, ka koya wa mai gidan kallon unguwarku, ka kuma haɗa wa dattijon gidanku nasa, domin su ma su kalli wasan da harshen da suke ji.